Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Malam Edita, ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku, domin maganar ta shafi kowane ɗayanmu. Babu wanda ya faɗo jami'a daga sama. Kowa ta sakandare ya biyo, kowa kuwa akwai hannun da ya tallabo shi har ya kawo nan.

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin Firinsifal a ɗaya daga makarantunmu na sakandare ya ga wani kabad mai gilashi da aka jera kofuna da garkuwoyi a ciki, na kacici-kacici, na muhawara, na lissafi, na kimiyya. Bisa kabad ɗin akwai hotuna. Ga Firinsifal a tsakiya ya sha babbar riga, ya rungume kofi kamar jaririn da aka haifa masa jiya. Ga babban jami'i daga Ma'aikatar Ilmi a damansa. Ga yara uku a durƙushe a gaba. To, ƙara dubawa da kyau. Can a ƙarshen layi, in ma mai ɗaukar hoto bai yanke shi gaba ɗaya ba, za ka hango rabin kafaɗar wani bawan Allah da ƙurar alli a hannun rigarsa. Wannan mai rabin kafaɗa shi ne ya ci kofin, a kansa kuma nake son mu yi magana yau.

Ba labarin ƙanzon kurege zan ba ku ba, abin da ya faru a kaina ne. Sa'ad da nake aji biyu na babbar sakandare, a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo wadda ba zan ambaci sunanta ba, muna da wani malamin lissafi, siriri, mai tsohon babur. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi, ya riƙa tara mu ƙarƙashin wata darbejiya bayan an tashi daga makaranta, ranar Talata da ranar Laraba. Mun fara mu kusan talatin, maza da mata. Ya kan rubuta tambaya ɗaya tak a ƙaramin allo, ya jingina shi da gindin itacen, ya koma gefe ya zuba mana ido muna gardama har la'asar. Haka muka yi zango biyu. Ran nan sai ga takardar gayyata zuwa gasar shiyya, saura kwana biyar, alhali kuwa ta yi makonni kwance a aljihun teburin wani babba. Aka ce babu mota, babu kuɗin mai. Malam ya zaro daga aljihunsa ya biya mana kuɗin mota, ya saya mana shayi da burodi a tasha, shi kuwa ya ce ya riga ya karya. Daga baya na gane bai karya ba.

Muka je, Allah ya ba mu sa'a, muka dawo da kofi. Ranar Litinin aka tara makaranta duka, aka yi jawabi mai tsawo a kan ƙoƙarin hukumar makaranta da hangen nesan shugabanni, aka tafa, aka ɗauki hoto. Har aka watse ban ji an ambaci sunan Malam ba. Kuɗin motarsa kuwa, in an mayar masa, to, ba a gabanmu ba. Shekara ba ta zagayo ba aka yi masa canjin wurin aiki, ba wanda ya tambayi wa zai gaje shi a gindin darbejiya. Taron ya mutu a mako guda. Kofin yana nan a kabad har gobe, ana goge shi duk sa'ad da baƙi za su zo.

Da a makarantarmu kaɗai haka ta faru, da na yi shiru na bar wa cikina. Amma na zauna da abokai a ɗakin kwana, daga jihohi dabam-dabam, kowa ya buɗe baki sai ka ji kamar labarinka yake ba ka. Saboda haka nake cewa, ba tare da wata inda-inda ba, yadda ake tafiyar da gasar ilmi a yawancin makarantunmu yaudara ce. An mayar da ita kayan ado na shugabanni, an jefar da ainihin abin da ya sa aka ƙirƙiro ta, watau horo, an kuma wulakanta wanda ke yin horon.

Dubi yadda ake shiri. Ba a tunawa da gasa sai takarda ta iso. Sa'an nan sai a ruga a tsamo yara uku da aka san suna zuwa na ɗaya, a fitar da su daga aji, a kulle su a ɗakin karatu da tarin tsofaffin tambayoyi, a ce su haddace. Mene ne babban birnin ƙasa kaza? Wa ya gano abu kaza? Yaro ya yi ta bitar amsa kamar aku, ba ya sanin dalili. In aka yi dace tambayar da ya haddace ta fito, a ce gwani ne. In aka ɗan juya ta, ya yi tsuru-tsuru. Sauran ɗaruruwan yara kuwa ba su san ma ana yi ba, sai dai su ga an dawo da kofi ko an dawo hannu rabbana. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ya kuma ce kiwon da ba a yi da wuri ba, ranar kasuwa ba ya yiwuwa. Wannan ba horo ba ne, ɗurar kaza ce a daren salla.

Daga wannan gaggawa ne mugun abu na biyu ke fitowa, wanda kowa ya sani amma ake rufa-rufa, watau sojan haya. Wanda bai yi noma ba, kuma yana son a ga rumbunsa cike, ai sai ya ɗebo na wani. A kan nemo yaron da ya riga ya gama makaranta, ko na wata makarantar dabam, a ɗinka masa kayan makaranta, a ba shi sunan wani. Kada mu yi saurin nuna yatsa, jama'a, domin a cikinmu nan akwai waɗanda aka taɓa ɗauka wannan haya, suna kuma ba da labarin suna dariya. Ina abin dariya a nan? Yaron da ya ga manyansa sun shirya ƙarya, an tafa musu, an ba su kofi, wane darasi ya ɗauka ya tafi da shi gida? Shi ne gobe zai shiga ɗakin jarrabawa da takarda a cikin safa, jibi kuma ya zauna a ofis ya ƙara sifiri a takardar kwangila. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa da hannunmu muke tanƙwara shi ta karkatacciyar hanya.

Na uku shi ne yadda ake ɗaukar mai horon kansa. A yawancin makarantu aikin nan ba shi da gurbi a jadawalin darussa, ba shi da kaso a kasafin kuɗi, ba ya shiga takardar ƙarin girma. Malami ya koyar da azuzuwansa cif, ya duba littattafan yara fiye da ƙima, sa'an nan a ce ya yi wannan a matsayin sadaka. Wani lokaci kuma a jibga wa mai hidimar ƙasa, wanda shekara ɗaya kawai zai yi. Yana fara sanin wane yaro ne mai saurin lissafi, wace yarinya ce mai kaifin harshe a muhawara, sai lokacinsa ya cika ya ɗauki jakarsa. Na bayansa ya zo ya fara daga tushe. Shekara goma ana gasa, amma makaranta ba ta da ko littafi guda da aka tara tambayoyin baya da kurakuran da aka yi a ciki. Kullum jiya i yau.

Abin bai tsaya a ofishin Firinsifal ba, daga sama ya gangaro. A watan Yuli na 2025, da 'yan ƙwallon ƙafarmu mata suka ci kofin Afirka, Gwamnatin Tarayya ta yi wa kowace 'yar wasa alkawarin kwatankwacin dala 100,000 da gida da lambar girma, masu horar da su kuma kwatankwacin dala 50,000 kowannensu. Ban ce ba su cancanta ba, sun yi gumi. A watan Agusta na 2025, wata ɗaliba 'yar Jihar Yobe da ta yi zarra a wata gasar Turanci a Landan ta karɓi naira 200,000 daga Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya. Aka yi ta cece-ku-ce a kan ƙanƙantar kyautar, an kuwa yi gaskiya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: a fagen ƙwallo kowa ya yarda, ba sai an yi gardama ba, cewa mai horo yana da rabo a nasara. A fagen ilmi kuwa sai wani ya tuna mana tukuna cewa yaro yana da malami.

Wani zai ce, to, mene ne wannan horo da kake ta kururutawa, in ba maimaita darasi ba? Bari in ba da misali. Ka ce wa yaro ya tara lambobi daga 1 zuwa 100. Wanda aka yi wa ɗura zai ce 5050, domin ya haddace. Ka ce daga 1 zuwa 80, ya kama ƙidaya da yatsu. Wanda aka horar kuwa ya riga ya gano da kansa cewa in ka haɗa na farko da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, kowane tagwai jimlarsu ɗaya ce, saboda haka 81 sau 40 ne, watau 3240, kafin mai tambaya ya rufe baki. Ko ka ce masa ya tabbatar da cewa a cikin mutum 13 dole a sami biyu da suka haɗa watan haihuwa. Babu abin haddacewa a nan, sai tunani: watanni 12 ne, mutane sun fi watanni yawa. Kai yaro ga irin wannan tunani ba aikin kwana biyar ba ne. Sai malami ya zauna da shi mako bayan mako, ya bar shi ya yi kuskure, ya hana kansa saurin ba da amsa, ya san mai rawar murya ya ƙarfafa shi, ya san mai girman kai ya rage masa. Ban da wannan ga bin takardu, ga neman izinin iyaye, musamman iyayen 'yan mata, ga mota, ga masauki, ga lallashin wanda ya faɗi. Duk a wuyan mutum ɗaya.

Ƙasashen da suka ci moriyar gasa, wannan mutum suka riƙe. A ƙasar Hangari an fara gasar lissafi ta waɗanda suka gama sakandare tun 1894, a wannan zamanin kuma wani malamin makaranta, Dániel Arany, ya kafa mujallar lissafi ta 'yan sakandare wadda ke fitowa har yau. Kowane wata a buga tambayoyi, yara daga ko'ina su aiko da amsa, a duba, a buga sunayen waɗanda suka yi fice. Watau gasa ce ta shekara duka, ƙofarta kuma a buɗe ga kowa. Wanda ya riƙe mujallar kusan shekara 20 bayansa shi ne László Rátz, malamin sakandare a birnin Budapest. Ta hannunsa John von Neumann ya biyo, wanda sunansa ke cikin tushen ƙirar kwamfuta, haka kuma Eugene Wigner, wanda ya sami lambar Nobel a 1963. Da Wigner ya tashi jawabi a bikin karɓar lambar, sai da ya ambaci wannan malami nasa na sakandare. A yau akwai lambar girma da ake ba malaman kimiyya da lissafi a ƙasar da sunan Rátz. Ƙasa ce ƙarama, yawan mutanenta bai kai na Jihar Kano ba, amma ta san wanda ya kamata a sa a tsakiyar hoto.

Babbar gasar lissafi ta duniya ta 'yan sakandare an fara ta a Romaniya a 1959 da ƙasashe 7, yau fiye da ƙasashe 100 ke zuwa, Nijeriya kuma ta fara shiga a 2006. Kowace ƙasa yara 6 take kaiwa, a yi kwana biyu, kowace rana tambaya uku cikin awa huɗu da rabi. Ku lura, awa huɗu da rabi a kan tambaya uku! Ina hadda za ta kai mutum a nan? Bayan an gama kuma, jagoran kowace tawaga shi ke karanta amsoshin yaransa, ya zauna da alƙalai ya kare kowane maki da hujja. Wanda bai san lissafin ba, bai san yaran ba, ba zai iya zama a wannan kujera ba, kome girman rigarsa. Maryam Mirzakhani ta Iran, wadda ta ci zinare a wannan gasa a 1994 da 1995, ita ce mace ta farko da ta sami lambar Fields, babbar lambar masana lissafi, a 2014. Masu hana 'yan mata zuwa gasa su ji da kyau.

In an ce waɗannan sun yi nisa, ga Ghana nan kusa. Gasarsu ta kacici-kacicin kimiyya da lissafi, wadda aka kafa a 1993, ta zama abin da ƙasa duka ke zuba wa ido a talabijin kamar wasan ƙwallo. Makarantar Presec ta Legon ta ci kofin sau 8 zuwa 2023. Ba tsafi ba ne. Makarantun da ke yin fice a can suna da malaman da aka sani da wannan aiki shekara da shekaru, tsofaffin ɗalibai kuma suna sa hannu a aljihu, waɗanda suka taɓa wakiltar makaranta suna komowa su horar da ƙannensu.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su. Za a ce babu kuɗi. Ina tambaya, nawa ne kuɗin allo da inuwar darbejiya? Makarantar da ke iya yanka kaji da hayar rumfa ranar bikin ba da kyaututtuka, ba ta da bakin cewa kuɗin motar yara huɗu da malaminsu ya gagare ta. Za a ce gasa tana ɗauke hankalin yara daga jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Wannan gaskiya ne game da ɗura, wadda ke fitar da yaro daga aji. Amma yaron da ya shekara yana warware tambayoyi masu wuya, tambayar jarrabawa ba za ta firgita shi ba. Wanda ya saba da kokawa da zaki, ai ba ya gudun ɗan akuya.

Akwai kuma masu cewa, a ɓoye ko a sarari, yaranmu na nan Arewa ba za su iya karawa da na makarantun kuɗi ba. Gaskiya ne, in ka duba gasar lissafi ta Cowbell, wadda aka fara a 1998, ta koma talabijin a 2015, za ka ga makarantun kuɗi sun fi yawa a sahun gaba. Amma dalilin ba a ƙwaƙwalwar yara yake ba. Su sun ware malami, sun ware lokaci, sun biya. Hujjata kuwa tana nan cikin gida. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙasa, daga nan zuwa ƙasashen waje, yaranmu kuma suna ciwo mana girma. A can ba wanda ke tsamo yaro saura kwana biyar, kuma da an ga gwani tambayar farko ita ce, almajirin wane ne? Ashe mun san tsani, mun san naci, mun san darajar malami. Me ya sa in aka zo lissafi da kimiyya da muhawara sai mu yi kamar ba mu taɓa ji ba?

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Ma'aikatun Ilmi su fitar da ranakun gasa tun farkon shekarar karatu. Kowace makaranta ta naɗa malami na dindindin a kan wannan aiki, da mataimaki wanda zai gaje shi, a rage masa darussa, a ba shi alawus, a rubuta aikin a takardarsa ta ƙarin girma. A buɗe ƙungiyar ga duk yaron da ke so, a fitar da wakilai ta hanyar gasa tsakanin azuzuwa, ba ta son ran wani ba. Makarantar da aka kama da sojan haya a dakatar da ita, a kuma hukunta babban da ya shirya, ba yaron da aka sa ba. Duk takardar shaidar da za a ba yaro, a buga sunan malaminsa a jiki.

Sauran magana tamu ce, ya ku 'yan'uwa. Laifi tudu ne, mun hau namu muna hangen na wasu. Mu nawa ne a nan muka taɓa komawa tsohuwar makarantarmu, ba don karɓar takarda ba, sai don mu zauna da ƙannenmu awa biyu? Muna da ƙungiyoyin ɗalibai na jiha da na ƙaramar hukuma, kuɗinsu na ƙarewa a liyafa da kalanda mai hotunan shugabanni. Ashe mu ma mun fara koyon tsayawa a tsakiyar hoto! Ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da sauran ƙungiyoyinmu, kowace ta ɗauki sakandare ɗaya ta gwamnati a kusa da jami'a ko a garinsu. 'Yan sashen lissafi da kimiyya su ɗauki ranar Asabar, 'yan sashen harsuna da shari'a su ɗauki muhawara. Kada mu je a matsayin masu ƙwace aiki, mu je mu sami malamin da ke wurin, mu gaishe shi, mu tambaye shi inda yake son a kama masa. Mu tara tambayoyi a littafi mu bar wa makaranta, domin in mun tafi aikin kada ya bi mu.

Ni dai na yi wa kaina alkawari. A wannan hutu zan nemi inda aka kai Malam mai tsohon babur, in durƙusa in yi masa godiyar da ba a yi masa ba ranar Litinin ɗin nan, in kuma mayar masa da kuɗin shayi, ko da zai ƙi karɓa. Daga can zan wuce gindin darbejiya da ƙaramin allo. Wanda ke da irin wannan bashi a wuyansa, ya san inda mai bin sa yake.

Haza wassalam.